Wasakin da Bakin Manzo Bai Taɓa Ba

Manzo Baduku da haƙori yake ɗinki. Duk wanda ya ci kasuwar Issawane a shekarun nan ya gan shi zaune a kan buzu ƙarƙashin rumfar kara, ya miƙe ƙafar dama ya danne fata da babban yatsa, hannun hagu ya kama bakin ɗinki, na dama riƙe da basilla, zaren fata kuwa yana bakinsa. In ya huda ya zura, sai ya cafke zaren da turamen haƙoransa, ya ja da wuya har jijiyoyi su fito raɗa-raɗa, ka ji fatar ta yi ƙara. Sa'an nan ya saki, ya ɗan motsa leɓe, ya sake hudawa. Haka tun hantsi har la'asar. In ka gaishe shi da gira yake amsa maka, kuma ba wanda ke jin haushi, an san bakin a cike yake.

Takalmi da kube da laya, waɗannan a wurinsa aikin ƙananan dukawa ne. Shi wasaki yake yi, babban gugan nan na fatar sa da ake ɗaura wa igiya, raƙumi ko takarkari ya jawo shi daga rijiya. Rijiyoyin arewacin Mayahi kuwa ba na wasa ba ne, wata zurfinta gaba talatin, wata arba'in. In ɗinki ya yi sako-sako, kafin wasaki ya iso baki rabin ruwan ya koma inda ya fito, dabba ta sha wahalar banza, garke na tsaye yana kallo. In kuwa ya ɓarke a tsakiyar rijiya, ranar sai haƙuri. Shi ya sa makiyayi, Bafillace ne ko Buzu, ba ya karɓar wasaki daga hannun da bai sani ba.

Na Manzo ba ya yoyo. Kowa ya san haka, kowa kuma ya san dalili, ko in ce yana ganin ya sani: bakin gidansu ne. Kakansa ya bar wa ubansa wasu kalmomi, ubansa ya bar masa. Ana karanta su zaren yana cikin baki, yawu ya jiƙa shi, haƙori ya ja shi. Kuma sai namiji ɗan gidan. Mace tana iya jeme fatar da bagaruwa, tana iya yanka zaren, amma ba ta kai shi baki, an ce in ta kai abin ya karye. Mai saye in ya zo, kafin ma ya duba ɗinki sai ya murza zaren a yatsa yana neman sawun haƙori. Manzo ya yarda da wannan kamar yadda ya yarda da sunansa. Tun yana ɗan shekara tara ubansa ya sa masa zare a baki, bai kuma taɓa tambayar ko akwai wata hanya ba.

Matarsa ɗaya, Habsatu, ita ma 'yar dukawa ce daga Urafane, doguwa, mara yawan magana, mai farin haƙori. Sun haifi huɗu. Mata biyu suka rayu har aka kai su ɗaki, maza biyun kuwa ƙyanda ta ɗauke su tun suna ƙanana. Ke nan bakin gidan a kan Manzo ya tsaya, ba wanda zai miƙa wa. Wannan abu yana cinsa, amma ba za ka ji daga gare shi ba.

Ciwon ya faro ne a babban farin nan na farko, shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Mutanen Issawane abin da suka gani na canji shi ne motocin hatsi da soja zaune a kan buhuna. Shanu na ta faɗuwa, ana rige-rigen sa musu wuƙa kafin rai ya fita, fata ta yi yawa har ba mai so. To amma wace irin fata? Ta dabbar da yunwa ta cinye, an shanya ta a rana ba gishiri, wani wuri kamar takarda, wani wuri kamar ice. Ruwa kuma ya yi ƙasa, wasaki na gogar bangon rijiya yana mutuwa da wuri. Aiki ya yi wa Manzo yawa, shi kuwa ba ya iya cewa a'a. Cikin wannan hali ne wata rana yana cin tuwo ya ji wani ƙas a gaban kunnensa na dama. Bai kula ba. Bayan kwanaki sai ciwon kai ya biyo, ɓari guda, ya tashi daga gaban kunne ya hau gefen goshi, ya gangara ƙeya ya sauka a wuya. Da safe ya tashi haƙoransa na tsami kamar ya kwana yana tauna tsakuwa.

Ya tafi wurin Danda wanzami, abokinsa tun na ƙuruciya. Danda ya yi masa ƙaho a ƙeya, bai ji sauƙi ba. Ya yi masa tsaga a gefen goshi, nan ma shiru. Sai ya ce ya buɗe baki, ya leƙa, ya ƙwanƙwasa da bayan aska, ya ce, "Tsutsa ce a turmi, Baduku. Wanga na ƙarshe. In ba a fidda shi ba, ita za ta hau maka kai."

Aka fidda shi da awartaki, mutum biyu na danne da kafaɗunsa. Haƙori lafiyayye, fari tas, ko ɗigon baƙi babu. Danda ya juya shi a tafin hannu ya ce ai tsutsar a cikin saiwa take, ba a ganinta. Kuncin Manzo ya kumbura, ya yi mako biyu bai taɓa zare ba. Abin mamaki kuma, ciwon kan ya tafi. To wa zai yi musu da Danda? Sunansa ya ƙara tashi, shi kuwa Manzo ya koma rumfarsa yana sa masa albarka.

Bayan wata biyar ciwon ya dawo. Cikin shekara goma turame uku Danda ya fidda masa a ɓangaren dama, ɗaya bayan ɗaya, kowanne lafiyarsa lau. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Kuma ba mugunta ba ce, Danda da zuciya ɗaya yake yi, abin da ya tarar ke nan, kuma kowane karo yana ganin sauƙi da idonsa. Da dama ta zama fili, sai Manzo ya mai da zaren hagu, ya ci gaba. Ƙas ɗin nan kuwa ya zama abokin zama, har Habsatu daga madafa takan san ya fara cin abinci.

Sai fari na biyu ya zo, na tamanin da huɗu, wanda ya fi na farko rashin imani. Gero bai ko kai gwiwa ba ya ƙone. Iyakar Najeriya a rufe, ba halin ci-rani. Mutane suka koma anza da ganyen jiga, da jar dawar taimako in an dace mota ta iso. Yawancin makiyaya suka gangara kudu, waɗanda suka rage suka taru a kan manyan rijiyoyi da 'yan dabbobin da suka saura. A cikinsu akwai Sidi, wani Buzu da ya shekara ashirin yana karɓar wasaki a hannun Manzo, ubansa ma a hannun uban Manzo yake karɓa. A da in garkensa ya zo rijiya sai an ba shi wuni guda. Yanzu raƙumi ɗaya ne da shanu biyar. Irin su Sidi su ne suka riƙe gidan Manzo a wannan shekara, sukan kawo ɗan hatsi, ko cuku, ko akuya, su tafi da wasaki. In ba wasaki, ba tukunya a kan wuta, magana ke nan.

Ran wata kasuwa cikin sanyi, Manzo ya ja zare ya saki, ya zo buɗe baki ya amsa sallama, baki ya ƙi. Ya sake gwadawa, wani zafi ya soke shi a kunne har ya ga duhu. Yatsa ɗaya ne ke shiga tsakanin haƙoransa, shi ma da ƙyar. Kwana shida yana zuƙar kunu ta gefen ludayi. Danda ya zo da awartakinsa a cikin zabira, ya ce na hagun ne yanzu, amma Allah ya taimaka, ƙofar da zai shigar da ƙarfen babu. A nan ne Habsatu, wadda ba ta saba sa baki a maganar maza ba, ta yi magana daga bayan zana.

"Sarkin aska, a bar shi haka nan. Gobe likita za shi."

A Mayahi aka duba shi, aka rubuta masa takarda zuwa Maraɗi. Ya samu wata motar hatsi da ta sauke kaya za ta koma, ya hau baya. A kowane shinge jandarma ya tambaye shi ina za shi, sai ya miƙa takarda ya nuna bakinsa. Wani ya yi dariya, wani ya ce Allah ya sawwaƙe.

Likitan haƙorin da ya gani sunansa Laminu, saurayi ne siriri mai tabarau, wanda in ya yi Hausa uku sai ya jefa Faransanci ɗaya. Manzo da ya gan shi, a ransa ya ce wannan ai bai kai ya riƙe awartaki ba. Laminu bai ma nemi awartaki ba. Ya ɗora yatsu a gaban kunnuwan Manzo ya ce ya buɗe, ya rufe. Ya matsa kunci, ya matsa gefen goshi, Manzo ya zabura. Ya yi masa allura, ya sa aka ɗora masa tsumma mai ɗumi, suka jira. Sa'an nan ya naɗe babban yatsansa da ƙyalle, ya cusa shi ta gibin da Danda ya bari, ya danna muƙamuƙin ƙasa a hankali, ya jawo shi gaba yana cewa, "Doucement, Baba, saki jikinka." Aka ji ƙas. Bakin ya buɗu, yatsa biyu.

Da Manzo ya samu bakin magana, abin da ya fara cewa shi ne, "To likita, wanne za a fidda?"

"Ko ɗaya."

"Ai shi ke hau mani kai."

Laminu ya haska fitila ya daɗe yana kallo. Turamen hagu sun side sun yi sumul kamar dutsen niƙa, har da wata 'yar hanya da zare ya yi wa kansa. Ya ce, "Baba, mi kake ja da haƙoran nan?"

Manzo ya faɗa masa, har da ɗan alfahari.

"Waɗanda anka fidda fa, in an fidda kana jin sauƙi?"

"Ƙwarai. Wata huɗu, wata biyar."

"Bon. In an fidda, kwana nawa kake yi ba ka ɗinki?"

Manzo ya ƙirga a ransa. Mako biyu. Na biyun ma har uku, don ya yi ruwa. Yana zaune a kan doguwar kujerar likita, yana jin harshensa na lasar gibin dama, inda haƙora uku suke a da. Kunya ta kama shi, da baƙin ciki, irin na mutumin da ya gane da hannunsa ya yi wa kansa ɓarna.

Laminu bai ja maganar ba. Ya ce, "Haƙoranka ba su da laifi. Nan inda muƙamuƙi ya haɗu da kai, akwai wani ɗan abu a tsakani, kamar gammo tsakanin tulu da kan mai ɗauka. Shekara arba'in kana jan kaya a kansa. Gammon ya goce, naman wurin ya gaji, shi ke ba ka ciwon kai. Hutu ne ke yi maka magani tun can."

Ya goge masa bakin wani haƙori da ya yi kaifi yana yankar harshe. Ya ba shi ƙwayoyi na kwana goma. Ya ce ya riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi safe da yamma, ya nuna masa yadda zai kafa harshe a ganɗa ya buɗe baki a hankali sau goma. Ban da goro, ban da goruba, abinci sai mai laushi. Manzo ya ce ai bana ko bai faɗa ba kunu ne. Laminu ya yi murmushi, ya ce akwai wata roba da ake yi wa haƙora ta kwana a baki, amma sai Yamai, nan ba su da kayanta. Sa'an nan ya cire tabarau.

"Saura babbar. Zare ba zai sake shiga bakinka ba. In ka koma zai sake kullewa, kuma ban ce maka zan iya buɗe shi karo na biyu ba. Ka nemi awartaki ka riƙa ja da shi."

Manzo ya ce to. Me zai ce? Yaron kirki ne, amma bai san abin da ya hana ba. A wurinsa ya hana wata ɗabi'a ce kamar cin goro.

Ya dawo gida ya karɓi awartaki wurin maƙeri, ya shige cikin gida ya ja ƙyaure don kada a gani. Ƙarfe ya tsinke zaren. Da ya sassauta riƙon, zaren ya zame. Hannun da zai riƙe awartaki shi ne mai riƙe bakin ɗinki, in ya saki wannan wancan ya kwance. Ya yi kwana goma a kan wasaki ɗaya, da ya zuba ruwa ya rataye, sai ga shi yana zuba ta ko'ina. Kasuwa biyu ta wuce bai fita ba. Jar dawar da ke cikin tukunya ta koma abin da bai fi a dama sau uku ba.

Wata safiya yana zaune ya tasa fatar a gaba, ya ɗauki zaren ya kai har leɓe. Habsatu ta aje ƙwaryar da ke hannunta, ta zo ta durƙusa a gabansa, ta miƙa hannu.

"Maigida, kawo."

"Ke kin san ba a yi."

"Na sani. Shekara talatin ina kallo. Kai ka huda, ka karanta abinka, ni in ja."

Ya dube ta, ya dubi ƙyaure, ya dubi tukunya. Sai ya miƙa mata. Ba zan ɓoye ba, ya ji sanyi a ransa da ta karɓa, kuma ya ji ƙyamar kansa da jin sanyin. Ya huda, ya zura, ya karanta kalmomin kakansa a ɓoye cikin baki, ita kuwa ta cafke ta ja da wuya, yadda ta ga yana yi. Kwana huɗu suka gama. Suka zuba ruwa suka rataye a reshen aduwa, suka tsaya suna kallo. Ko ɗigo.

Ran kasuwa ya fita da shi a kafaɗa. Sidi ne ya fara zuwa, ya murza zaren, ya ji sawun haƙori, ya ce alhamdu lillahi, Baduku ya warke. Manzo ya ce da sauƙi. Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba. Ya ce wa mutane yanzu a gida yake aiki, likita ya hana shi wahala a rana. Haka aka yi wata huɗu. Gidan ya samu abin damawa. Ciwon kansa ya tafi kamar an ɗauke da hannu, bakinsa ya koma yatsa uku, har ya ɗan yi kumatu a shekarar da kowa ke ramewa.

Amma hankalinsa bai kwanta ba. Wasakin bakin mace ba ya yoyo. To ina abin da aka ce zai karye? In kalmomin ne ke riƙe ruwa, ai ba a bakin mai karanta su zaren yake ba. In kuwa ja ne kawai da jiƙa, to me ubansa ya ba shi ranar da ya kai shi bayan gari ya sa shi ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba? Yakan zauna da wannan tunani har ya manta basilla na hannunsa. Bai daina karantawa ba, don bai san yadda ake huda fata baki na shiru ba. Bai kuma yar da awartakin ba. In Habsatu ta tafi rijiya sai ya ɗauko shi, ya naɗe masa baki da 'yar fata don kada ya yanka, ya kafa turke a ƙasa ya ɗaure bakin ɗinkin a jiki don hannu ya samu sarari, ya jiƙa zaren a kasko tun daren jiya. Sannu-sannu abin ya fara kamawa, sai dai jinkiri, aikin kwana huɗu sai ya ci tara. Ya ce wa kansa in ya gwanance zai hutar da ita. Kullum sai ya ce saura kaɗan.

Cikin bazara, wata rana da hantsi, suna zaune a inuwar ɗaki da ɗan dambun jiga a tsakaninsu. Tun da yara suka watse suke ci tare in ba baƙo. Habsatu ta kai loma, sai ya ji ƙas.

Ya taɓa nasa kunnen, don ya ɗauka shi ne. Ta sake taunawa, ya sake ji. Sai a lokacin ya dube ta da kyau, kallon da ya yi wata huɗu yana kauce wa. Ta ɗaure kallabi tamau har ya shiga fatar goshi. Da gefe ɗaya take tauna. In ta haɗiye sai ta ɗan dafa gaban kunne da yatsa biyu, ta yi kamar tana gyara ɗan kunne.

"Habsatu, tun yaushe?"

"Mi?"

"Kanki."

"Zafin rana ne."

"Sa yatsunki a baki in gani."

Ta yi dariya, ta ce shi kuma yau ya zama likita. Bai yi dariya ba. Da ta ga haka sai ta sa. Biyu suka shiga, na ukun ya tsaya a waje. Ta cire hannunta ta goge a zane, ta ce, "Wata biyu ne. Ba kullum ba. In ruwa ya sauka anka yi shuka sai in huta."

Ita ma ke nan ta iya cewa saura kaɗan. Manzo ya daina ci. Shi ya san hanyar nan, ya san inda ta faro da inda za ta, ya san har kujerar da ke ƙarshenta. Shi dai uba ne ya ɗora shi a kai yana yaro bai san komai ba. Ita kuwa shi ya miƙa mata zaren, bayan likita ya gama yi masa bayani dalla-dalla. Ya tsame hannunsa daga ƙwaryar. Akwai wasaki rabin ɗinki a rataye, ya sauko da shi, ya farke duk abin da ta ja, ya kafa turkensa a tsakar gida. Ta ce masa ɓarnar zare ce. Ya yi kamar bai ji ba.

Kwana tara ya yi. Ya zuba ruwa, wasakin ya ɗan yi gumi a gindi, zaren ya kumbura, ya tsaya. Ya bar shi kwana uku a rataye, ruwan na nan.

Ran kasuwa ya koma tsohuwar rumfarsa, ya shimfiɗa buzu, ya kafa turke, ya fito da awartaki a gaban kowa ya fara sabon ɗinki, gamammen wasakin na gefensa. Masu wucewa suka riƙa rage tafiya. Wani ya gaishe shi, ya amsa da baki, cikakkiyar amsa, har mutumin ya waiwayo. Wajen azahar Sidi ya iso, ya rame har rawaninsa ya yi masa yawa. Suka gaisa, ya tsuguna, ya ɗauki wasakin ya murza zaren. Ya juya ya murza wani wurin. Ya dubi awartakin.

"Baduku, wanga baki bai taɓa shi ba."

"Bai taɓa ba. Na gwada shi kwana uku da ruwa, shina riƙewa."

"Ni irin na rannan nike so. Na cikin sanyi."

Akwai mutum huɗu ko biyar a tsaye bakin rumfar. Manzo ya gan su sarai. Bai rage murya ba.

"Na cikin sanyin ma ba bakina ba ne, Sidi. Tun da na dawo daga Maraɗi zare bai shiga bakina ba. Iyalina ke ja."

Wani dattijo ya ce a'uzu billahi a hankali ya wuce. Sidi ya gyara amawalinsa ya rufe har hanci. Shi ba mutumin hayaniya ba ne. Can ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Bai yi yoyo ba."

"Bai yi ba."

"To ta yi mani wani. Ni ban damu da bakin wa ba, in dai baki ne."

"A'a."

"Guda ɗaya, Baduku."

"Bakinta ya fara abin da nawa ya yi. A'a. Ga wanga, ka tahi da shi, in ya zubar maka da ruwa ka dawo ka zage ni a nan."

Sidi ya sake ɗaga wasakin, ya auna nauyinsa a hannu, ya shafa ɗinkin tun daga baki har gindi. Ɗinki ne mai kyau, shi ma ya gani. Sai ya aje shi a hankali inda ya ɗauka.

"Na yarda da kai. Amma shanu biyar sunka rage mani, ba ni da na gwaji."

Ya miƙe, ya yi sallama yadda ya kamata, ya nufi rumfar wani baduku daga Tasawa wanda ɗinkinsa bai kai rabin na Manzo ba, amma da haƙori yake ja. Manzo bai ga laifinsa ba, ko a ranar ko daga baya.

Kafin kasuwa ta watse labari ya gama gari, kafin mako ya kai rijiyoyi. Waɗansu suka ce ya yaudare su, kuma suna da gaskiya. Waɗansu suka ce bakin gidan ya karye, suka yanke wasakin da ke yi musu aiki lafiya lau suka yi igiya da shi. Sunan da kakansa ya kafa a nan ya tsaya. Manzo ya ƙara shekara goma sha biyu a duniya, a rumfar nan dai, yana ɗinkin takalmi da kube da salka, jefi-jefi wani manomi ya sa shi ƙaramin guga. Bai sake yin ƙiba ba. Bakinsa bai sake kullewa ba. Na Habsatu kuwa bai kai ga kullewa ba sam, kafin kaka ciwon kan ya bar ta, kuma da haƙoranta cif aka kai ta kabari.

Amma bari in koma yammacin ranar kasuwar. Ya shigo gida da wasakin a kafaɗa, Habsatu na tankaɗen dusa. Ta dubi kafaɗarsa, ta dubi hannunsa, ba ƙullin komai.

"Ba a ɗauka ba?"

"Ba a ɗauka ba."

Ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ce, "Akwai sauran zare a kasko. Gobe in ja maka ɗaya, ɗaya tak, mu samu na kai wa shuka."

"Ba mai karɓa. Na hwaɗi a kasuwa ke ce ke ja."

Rariyar ta tsaya a hannunta. "A kasuwa? Gaban mutane?"

"Gaban mutane."

"Wa ya tambaye ka, maigida? Ai da ka ce ba ka da lafiya, ka yi shiru. Yanzu ka rufe mana ƙofa da hannunka."

Ya aje wasakin a gindin aduwa, ya zauna a kan turmi, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Don in rufe ta na hwaɗi. Na san kaina, Habsatu. In na bar ta a buɗe, ran da tukunya ta bushe zan sake miƙa maki, ke kuma za ki karɓa."

Ta san haka ne. Haushinsa take ji, da tsoron watannin da ke gaba, amma hawayen da suka zubo mata ba na ko ɗaya daga cikinsu ba ne, na sanin cewa don ita ya yi ne. Ta share da gefen zane, ta ɗauki rariyarta. Ranar kunun dusa suka sha, ko tsamiya babu.